Kafin Ku Shiga Kwale-kwale a Tafkin Nguru

'Ya'yana, na ji kuna haɗa kuɗi don ku fita yawon buɗe ido idan an yi hutu, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. An ce abin da ya tayar muku da sha'awa shi ne hotunan da ke yawo a waya na garuruwan bakin tekun Turkiyya, irin su Antaliya da Bodrum, inda baƙo ke biyan kuɗi da safe a ɗauke shi a jirgin ruwa na katako, a zaga da shi gaɓar teku, a ciyar da shi, a dawo da shi kafin magariba. Wanda Allah Ya hore wa, ya je ya gani. Amma ku da kuke zaune tsakanin Nguru da Gashuwa, ku fara da ruwan da ke bayan gidanku, domin mutane sun sha tasowa takanas daga Turai don su gan shi.

Ba zuga ku nake yi ba. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona don ya ga tsuntsayen da ke sauka a tafkin. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, kuma su ne na farko da aka sa daga Najeriya. Tafkin Dagona ya bi baya a 2008. An ƙirga tsuntsaye iri sama da 300 a wannan fadama. Wasu namu ne na gida, kamar kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu gudun sanyin Turai, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a nan domin nan ne babban ruwan da suke tararwa bayan rairayi. Da yawa cikinku an haife ku kusa da wurin, amma ba ku taɓa zuwa da asuba kun ga yadda suke tashi gaba ɗaya ba. Wannan rashi ne, kuma gyara shi bai fi kuɗin mota ba.

Sai dai ku zaɓi lokaci. Kada ku kuskura ku sa fitar nan a Agusta ko Satumba, lokacin da ruwan Haɗeja da na Jama'are ke cika suna malala. Kun dai ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Gashuwa. Ku bari sai Disamba zuwa Fabrairu: ruwa ya lafa, hanya ta bushe, baƙin tsuntsaye sun iso. Ku yi sammako da rigar sanyi, domin da rana ta take tsuntsu ya watse, kuma ran da hazo ya yi kauri gara ku ɗage tafiyar. Dagona tana ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa mai kula da yankin Tafkin Chadi, saboda haka ku nemi izini wurin ma'aikatanta, su haɗa ku da ɗan jagora. Danƙo ko bindiga ba su da wurin zama a jakarku.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce sai na yi muku nasiha. Abin da hoton Turkiyya ba ya nunawa shi ne tsarin da ke bayansa: jirgi yana da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka, kuma akwai rigunan kariya a cikinsa. Mu a nan, kwale-kwalen da za ku hau ba don yawon shaƙatawa aka sassaƙa shi ba. Na masunci ne, ko na mai fito da ke ƙetarar da manoma da buhunan shinkafa. Tsarin da babu, ku za ku zo da shi a kanku.

Idan kun isa gari, ku fara da gaisuwa wurin Bulama ko Lawan, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a nuna muku matuƙin da aka yarda da shi. Kada ku ɗauki yaron da kuka tarar a bakin ruwa don ya yi muku rangwame. Idan dattijon matuƙin ya ce jirginsa mutum shida yake ɗauka, to shida ɗin ne, ko da ku tara ne kuma ba ku son rabuwa. Ku ɗauki jirgi biyu, ko ya yi sawu biyu. Yawancin haɗarin kwale-kwale da muke jin labarinsa a ƙasar nan, idan ka bi diddigi, lodi ne ya yi yawa, ko dare ya yi, ko duka biyun. Kuma idan jirgi ya tashi, kowa ya zauna inda aka ajiye shi. Na san halin ƙuruciya, wani zai so ya miƙe tsaye a ɗauke shi hoto, wani ya leƙa gefe, sauran su bi shi da kallo duk su karkata waje ɗaya. Haka kwale-kwale ke kifewa, ba tare da iska ko igiyar ruwa ba. Cikin kuɗin da kuka tara, ku ware na rigunan kariya tun kafin na abinci, ku saya ko ku ara. Wanda ya ce ya iya iyo, shi ma ya sa. Iyo a rafi daban, iyo cikin ciyawar da ke naɗe ƙafa daban.

Ciyawar nan kuwa za ku gan ta har ku gaji, ita ce kacalla. Ku tambayi matuƙinku labarinta, za ku ji abin da ba a koya muku a aji ba. A da, ruwa kan zo da damina ya mamaye fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, a shuka, a yi kiwo. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Wasu wuraren suka daina samun ambaliyar da suka saba, wasu kuma ruwa ya zauna musu rani da damina, kacalla ta samu wurin zama, ta toshe mashigu, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Mutumin da ke tuƙa ku ya san inda mahaifinsa ya noma shinkafa, wurin da yau ko kwale-kwale ba ya ratsawa. Ku saurare shi da kyau. Cikinku akwai masu karatun aikin gona da na kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, kuma ina fata wata rana maganin wannan ciyawa ya fito daga hannun ɗayanku.

Don haka ku kira matuƙin nan Baba, ku yi masa sannu da aiki, ku biya shi hakkinsa ba tare da dogon ciniki ba, domin ranar da ya ba ku ranar kamun kifinsa ce. Kada ku ratsa inda aka kafa taru ko aka dasa mali, kada ku ɗauki hoton matan da ke wanki ko bandar kifi sai da yardarsu. Ledar ruwa da robar lemo su dawo gida tare da ku. Idan kun ga tarwaɗa ko ƙarfasa mai kyau, ku saya a hannun masu ita ku kai wa iyayenku tsaraba.

Wani abu kuma da ba na so ku raina: kada zafi ya ja ku ku faɗa wanka a ruwan da ke kwance. Tsargiya tana nan, ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan tafiyar, ya je asibiti, maganinta yana da sauƙi idan an yi da wuri.

Idan fitar farko ta yi kyau, sauran wuraren suna jiran ku. Akwai bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar, inda za ku ga masunta da gora da koma sun faɗa ruwa lokaci ɗaya. Ku tambayi ranarsa a fadar Mai Bade. Akwai tuddan rairayi da dausayin Tulo-Tulowa a Yusufari, amma can sai da mota mai ƙarfi da direban da ya san hanya, kuma sai kun tambayi halin tsaro kafin ku tashi. A Damaturu kuma an ajiye kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a ƙasar Fune. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, kuma ba a samu jirgin ruwan da ya girme shi ba a duk Afirka. Ku je ku gan shi bayan kun hau na Nguru, lokacin ne za ku gane gwanintar wanda ya sassaƙa shi.

Ku tafi da ƙannenku mata idan iyaye sun yarda, da babbar mace da za ta kula da su, domin su ma ƙasarsu ce. Ku bar wa wani a gida sunan garin da za ku da lokacin dawowarku, ku yi addu'ar hawa kafin jirgi ya tashi, kuma ku shirya yadda sallar la'asar za ta same ku a tudu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.