Amsoshin Tambayoyinku: Ina Jiragen Sama Masu Fiffike Hawa Biyu Suka Shiga?

Tambaya: Na ga hoton jiragen da suka fara sauka a Kano, kowanne fiffikensa hawa biyu ne. Amma masu sauka a filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'aduwa duk hawa ɗaya ne. Me ya kawo canjin? Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malam, ka lura da kyau. Jiragen nan uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, da suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, da katako da yadi aka yi fukafukansu. Irin wannan fiffike ba ya jure nauyi shi kaɗai, shi ya sa ake ɗora wani a samansa, a tokare su da sanduna, a ɗaure da wayoyi, su riƙe juna tamau.

Matsalar ita ce kowace sanda da kowace waya tana tare iska. Sai injin ya yi ta shan mai, gudun kuwa bai taka kara ya karya ba.

Faransawa sun daɗe da sanin amfanin hawa ɗaya, domin da irinsa Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a 1909. Abin da ya rage shi ne ƙwari. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kamfanoninsu suka duƙufa ga ƙera jiragen gwaji: a yi guda ɗaya, a tashe shi, a auna, in bai gamsar ba a ajiye. Da aka ƙware wajen sarrafa alminiyon, sai aka sami fiffike mai kauri wanda ƙashinsa ke ciki, ba ya neman tokari.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci jarrabawa shi ne MB.120 na Marcel Bloch, mai inji uku da jikin ƙarfe, wanda aka tsara don zafin Afirka da filayen turɓaya. Daga 1934 kamfanin Air Afrique na lokacin ya sa shi jigilar wasiƙu, daga baya har da fasinjoji, daga Aljeriya zuwa Kwango, yana yada zango a Yamai da Damagaram, nan maƙwabtanmu.

Masu hawa biyu ba su ƙare ƙaf ba. Har gobe ana amfani da wasu wajen feshin gonaki, inda ake son tafiya a hankali kusa da ƙasa. Amma doguwar tafiya da kaya masu nauyi sai mai hawa ɗaya. Allah Ya ƙara basira.