Kafin a Jefar da Tsohuwar Firinta, a Duba Takardar da Ta Fitar

A Roni, mai shagon buga takardu ya san asarar da firinta ke jawowa idan ta tsaya lokacin rajistar JAMB: kwastomomi sai su wuce Kazaure. Amma tsofaffin firintocin leza irin su HP LaserJet 1020 da P1102 ba kasafai suke mutuwa gaba ɗaya ba. Yawanci takardar da suka fitar ce ke nuna inda matsalar take.

Idan rubutu ya dusashe, hodar tona ce ta kusa ƙarewa. A ciro katirij, a girgiza shi a hankali, daga baya a sake cika shi. Katirij ɗin 1020 shi ne 12A, na P1102 kuma 85A.

Idan tabo yana maimaituwa a tazara ɗaya, dram ne ya ƙarce. Ana canza shi kaɗai, ba sai an sayi sabon katirij ba.

Idan ta ƙi jan takarda, ƙurar hunturu ce ta sa robar rola santsi. A goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi.

Idan rubutu yana gogewa da yatsa, hita ce ba ta gasa hodar. Wannan aikin mai gyara ne. Ƙaramin janareta ma yakan jawo haka, domin hita tana jan wuta sosai.

Mai wayar Android kuma zai iya haɗa ta da firinta ta wayar OTG da manhaja irin NokoPrint, idan manhajar ta san samfurin.

Kullum a cire soket, a jira hita ta huce kafin a sa hannu.