Ba a cajin ƙwaƙwalwa a shago

Makon jiya aka dawo mana da wani yaro da na daɗe ina bibiya a asibitinmu, kuma har yanzu raina bai huce ba. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, tela, mai fama da sikizofireniya. Bara da muka sallame shi, muryoyin da yake ji sun lafa, ya daina zargin maƙwabta suna bin sa, yana zuwa allurarsa ta wata-wata ba fashi, har ya koma ɗinki a shagon ubangidansa. Abin da ya rage masa mantuwa ce. Zai auna mutum, kafin ya ɗauki biro ya rasa ko kafaɗar 18 ce ko 19. A aike shi ya sayo zare da zif da maɓalli, sai ya dawo da zare kaɗai yana sosa ƙeya. Ubangida ya fara ƙorafi, a gida kuma ana cewa ya cika shiririta.

Daga nan muka daina ganinsa. Ranar da aka kawo shi, yayyensa biyu ne suka riƙo shi, sawun igiya a wuyan hannunsa, ya yi kwanaki bai runtsa ba, yana amsa wa mutanen da babu su. Da ya ɗan natsu na ɗaga hularsa, sai ga tabon ƙuna biyu a goshi, ɗaya sama da girar dama, ɗaya can gefen hagu, fatar ta saɓule ta yi ja.

Mahaifiyarsa ta riga ni magana. "Likita, wallahi ba da mugun nufi muka yi ba. Cewa aka yi allurarku ce take cinye masa ƙwaƙwalwa."

Na ce, "Hajiya, wa ya faɗa muku?"

Wai wani ne mai shago, yana sa farar riga, da kwamfutarsa a kan tebur. Ya ba yaron wani ƙarfe ya riƙe, bayan minti kaɗan ya ce cajin ƙwaƙwalwarsa ya sauka. Ya nuna musu bidiyon Turawa a waya an sa musu wayoyi a ka, ya ce shi ma irinta gare shi. Da ta kwatanta min na'urar na gane ta: irin wadda ake tallatawa don tausar baya ce. Ita ya riƙa manna wa yaro a goshi yana ƙara ƙarfi har sai ya yi ƙara, yana ce musu zafin alamar aiki ce. Sharaɗinsa kuwa a dakatar da maganin asibiti, don wai ba sa jituwa. Keken ɗinkin yaron aka sayar aka biya shi.

Na ce ta zazzage ledar da ta zo da ita. Katin Exol ne rututu, da diyazafam. Wani mai kemis ne ya ƙara masa Exol tun kafin su je wurin mai na'ura, saboda ya ce hannunsa yana ɗan sandarewa, kuma tun daga lokacin ba wanda ya rage. A nan ne na ji kamar in fasa ihu. Duk wanda ya yi wata guda a wannan aikin ya san Exol yana dakushe tunani da riƙe abu, balle a haɗa shi da diyazafam. Mai yiwuwa rabin mantuwar da aka sayar da keke a kanta tana cikin ledar nan. Da sun zo sun ce mana yana mantuwa, da mun duba, da mun rage abin da ya kamata a rage.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mai na'urar ya ɗora ƙaryarsa a kan gaskiya. Motsa ƙwaƙwalwa da lantarki mai rauni, wato tDCS, abu ne da ake bincike a kansa tun bayan aikin Nitsche da Paulus a Jamus a shekarar 2000. Ƙarfinsa miliyamfiya 1 zuwa 2 ne, na kimanin minti 20, ta soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, a wurin da aka auna a gaban kai ta hagu. Abin da mutum yake ji ɗan ƙaiƙayi ne ko tsikari. A shekarar 2017 masu bincike a King's College da ke Landan sun gwada shi a kan masu sikizofireniya suna cikin yin atisayen riƙe bayanai, suka ga ɗan ci gaba. Wasu gwaje-gwajen sun ga haka, wasu ba su ga komai ba. Na maganaɗisu kuma, TMS, wanda Anthony Barker ya fara nunawa a Ingila a 1985, Amurka ta amince da shi a 2008 don ciwon damuwa mai tsanani, ba don mantuwar sikizofireniya ba. Ko a ƙasashen da suka ƙera waɗannan na'urori ana kan gwaji ne a wannan fanni. A gwajin ma marasa lafiya suna ci gaba da shan maganinsu. To wane ne kai, a shago, da za ka ce a ajiye allura?

Kada kuma a haɗa wannan da ECT, jinyar lantarkin da ake yi a asibiti bayan an sa mutum barci. Wancan daban ne, yana da wurinsa, yana ceton rai.

Mantuwar nan daga cikin ciwon take. Sau da yawa ita take riga muryoyin zuwa, shi ya sa idan ka tambayi iyaye za su ce tun yana sakandare karatunsa ya fara ja da baya. Magungunanmu suna kwantar da muryoyi da zargi, amma kaɗan suke taɓa ta. Ita ce kuma take hana mutum komawa aiki ko makaranta ko da ya warware. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 24 ne ke da wannan ciwo, ɗaya cikin 300, kuma mafi yawansu suna fama da mantuwar. Ba lalaci ba ne, ba raini ba ne. Ku daina yi musu tsawa.

Abin da yake da hujja mafi ƙarfi ba ya buƙatar soket. A 2011 Til Wykes da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 40 na horar da tunani, mutum sama da 2,000, suka samu amfani matsakaici amma tabbatacce, wanda ya fi fitowa idan an koya wa mutum dabara kuma aka haɗa da sana'a ko karatu na gaske. Mai wannan ciwo ba ya tsara abin da ya ji da kansa kamar yadda sauran mutane suke yi ba su ma sani ba. Idan aka tsara masa, yana riƙewa fiye da yadda kuke zato. Aika ɗaya a lokaci ɗaya, rediyo a kashe, sannan ya maimaita da bakinsa. In kayan suna da yawa a kasa su: na miya daban, na wanki daban. A tambaye shi bayan minti biyu, sai bayan goma, sai da yamma, sai gobe. Malamin tsangaya ma ba ya cika wa ƙaramin almajiri allo; 'yan layuka yake rubuta masa, ya biya da asuba, ya biya da dare, sai ya zauna a wanke a ƙara.

Kada ku bar shi yana canka. Wannan mutane ba sa ganewa. Kuna cewa "tuna mana, tuna mana", ya faɗi ba daidai ba, to kuskuren ne zai zauna masa. In ya tsaya, a ba shi amsar, ya faɗa, a wuce. Shi wannan tela, abin da muka tsara masa da ƙanwarsa shi ne ƙaramin littafi ɗaure da zare a jikin tef ɗin awo, ya rubuta kowane awo kafin ya ɗaga tef daga jikin mutum, ya karanta wa mai kayan ya ji. Maganin dare a ajiye shi kusa da dardumar sallah, bayan isha'i a sha. Makulli wurinsa ɗaya. Yanzu yana kwance a wurinmu, barci ya fara dawowa, amma sai mun sake hawa daga ƙasa, kuma kowace komawar ciwo tana iya barin mutum ƙasa da inda yake a da.

Kada a tsayar da allura. Ko wane ne ya ce. Ku yi addu'a, ku yi ruƙiyya in kuna so, amma kada a tsayar da allura. Duk wanda ya sa wa ɗanku waya a ka a cikin shago, cuta yake yi muku, ko da rigarsa ta fi madara fari. Na'urar da ta ƙona fata ba magani ba ce. Wiwi da tiramol, kun san matsayinsu. Rashin barci ma yana cin ƙwaƙwalwa, haka zaman ɗaki ba aikin komai. Igiya da mari ba sa cikin jinya.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Ba kowane sandarewar hannu ake bi da ƙarin Exol ba, kuma takardar da aka rubuta bara ba lasisin sayarwa har abada ba ce. Ku ce su koma asibiti. Akwai Barnawa a Kaduna, akwai Dawanau a Kano, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, ga asibitocin koyarwa.

Ku kuma iyaye, in kun ga katin Exol a ɗakin ɗanku, kada ku zubar yau ku ce likita ya ce yana sa mantuwa. Yanke shi farat ɗaya yana dawo da sandarewa da rawar jiki da rashin natsuwa, a hankali ake rage shi. Ku tattaro duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zo da su ranar ganin likita, kuma ku faɗi maganar mantuwar da bakinku, don shi mai ciwon sau da yawa ba zai tuna ya faɗa ba.