Cajin waya, caji ofis da incaj: kalma ɗaya ce

Ranar wata Alhamis, bayan na dawo daga kasuwar Batsari, na tarar da wani dattijo maƙwabcinmu zaune a ƙofar gidana, hula a gwiwa, waya a hannu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, duba mini, wai banki sun kai ni caji ofis." Jikansa ne ya karanta masa saƙon da ya shigo, ya ga kalmar "charge", shi kuwa abin da ya sani da caji bai wuce na 'yan sanda da na batir ba. Na karɓa na duba. Naira 50 ce aka cire, wadda ake cirewa idan kuɗin da aka tura ya kai dubu 10. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kuɗin hidima ne." Ya yi hamdala, sannan ya koma faɗan Naira hamsin ɗinsa.

Shekaru na yi ina koyar da Turanci a sakandare tsakanin Batsari da Safana, kuma wannan kuskuren na jikan Baba shi ne wanda na fi cin karo da shi a aji. Yaro ya haddace wa kowace kalma ma'ana ɗaya, ya ɗaure ta tamau, duk inda ya gan ta sai ya ɗora mata wannan hular.

Abin mamaki, mun riga mun ari fuskokin kalmar da yawa ba tare da mun lura uwarsu ɗaya ba. Muna kai waya caji. Muna cewa an kai wane caji ofis. Mai POS yana faɗin cajinsa kafin ya ƙirga maka kuɗi. A ƙaramin asibitin ƙauye, daga Wagini har Runka, idan magani ya yanke sai a ce a jira incaj, wato wanda ragamar wurin ke hannunsa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu biyun, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da 'yan bindiga suka addaba. A kwanakin nan wani cajin yana iya kai mutum ga wani cajin.

Asalin kalmar shi ke warware ƙullin. Turanci ya aro ta daga Faransanci, shi kuma daga wata kalmar Latin mai nufin loda wa amalanke kaya. Daga tushen nan ne sunan mota a Turanci ya fito. To, riƙe "ɗora kaya" a ranka ka sake bi: an ɗora wa batir wuta, an ɗora maka kuɗi, an ɗora wa mutum tuhuma, an ɗora wa incaj nauyin asibiti. Ashe Bahaushe ma haka yake yi da "ɗora", balle "ci", da muke cin tuwo, mu ci jarabawa, mu ci kasuwa, mu ci amana, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Wata shekara na ba 'yan aji uku jimla a kan bijimin da ya yi "charge" a kan manomi. Fiye da rabin ajin suka sa wa bijimi batir. Ɗaya ya ce sa ya kai ƙarar manomi. Alhali nufin shi ne ya taso masa gadan-gadan. Mun sha dariya, amma irin wannan ce WAEC ke tambaya: kawo kalmar da za ta maye gurbin wannan kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Maki na zubewa a nan kowace shekara.

Kuskuren da ya fi damuna ba na jarabawa ba ne. Ƙanwar kalmar, "discharge", a asibiti sallama ce, ko kuma ruwan da ke fita daga ciwo. A kotu ma sallama ce, amma sallama kaɗai ba wankewa ba ce. Sai alƙali ya haɗa da "acquitted" ne aka wanke mutum. In ba haka ba ana iya sake gurfanar da shi a kan zancen. Na ga gidan da aka yi murna da rabin hukunci.

Ɗalibai, in kun buɗe ƙamus kada ku tsaya a ma'ana ta farko, ku gangara har ƙasa, ku dubi kalmomin da ke gaba da bayan wadda kuke nema. Iyaye kuma, takardar kotu, ta asibiti ko ta banki, kada a bar wa yaro ɗan aji ɗaya shi kaɗai. A kai wa wanda ya san aikin, ya karanta jimlar duka, a kuma tambaye shi, "Wane cajin ke nan?"