Yadda Ake Zaɓen Gogen Bature Mai Lantarki: Na Ɗaki Daban, Na Dandali Daban

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai koyon bayolin, wato gogen Bature mai tsirkiya huɗu, ya san watannin farko sai haƙuri. Amonsa yana ratsa bango, ga shi kuma mai koyo ba ya ƙwarewa sai da maimaici kullum. Wannan damuwa ce ta sa kamfanin Yamaha na Japan ya fito da Silent Violin a 1997, gogen da ake ji ta hedifon. Amma haɗa goge da lantarki ya girmi haka nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1930 ake yinsa a Amurka, inda makaɗan jaz irin su Stuff Smith suka nemi hanyar ɗaga sautinsu don kada ƙahoni da ganguna su danne shi. Ka ga buƙata biyu ke nan masu juya wa juna baya: wani so yake a daina jinsa, wani so yake a ji shi har ƙarshen fili. A shago kuwa wuri guda ake rataye gogunan biyu, kuma da ido kamarsu ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Mataki na 1: Yanke shawarar inda za ka riƙa kaɗawa

Kafin ka kalli farashi, ka amsa wa kanka wannan da gaskiya: a mako guda, awa nawa za ka yi kai kaɗai a ɗaki, awa nawa a gaban jama'a? Idan bita ce da dare, yara na barci, maƙwabta na bayan katanga, abin da kake nema shi ne goge mai ramin hedifon. YSV104 na Yamaha misali ne: yana aiki da ƙananan batura biyu, yana da ramin da za ka jona wayar salula ka bi kiɗa, kuma don bita aka ƙera shi. Idan kuwa biki ne ko situdiyo ko wasa da ƙungiya mai ganguna, kana bukatar mai babban rami na milimita 6.35 wanda ake jonawa da amfilifaya. YEV104 na wannan kamfani da WAV na NS Design, kamfanin Ned Steinberger, suna cikin wannan sahu, kuma dukansu ba su da ramin hedifon. Mutane da yawa sun sayi irinsu da niyyar bitar dare, sai da suka buɗe akwati suka tarar ba inda za su soka abin kunne.

Ka sani kuma, wanda ake kira mai shiru ba bebe ba ne. Tsirkiya da izga suna nan, sai dai ba akwatin katako da zai kumbura sautin. Wanda ke ɗaki ɗaya da kai zai ji ka kamar mai magana ƙasa-ƙasa. Na ɗakin gaba, in an rufe ƙofa, da wuya.

Mataki na 2: In kana da goge na katako, fara da shi

Wataƙila ma ba ka bukatar sabon saye. Akwai takunkumin bita na roba ko na ƙarfe da ake ɗorawa a kan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa, yana rage ƙara sosai, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Don dandali, ana iya maƙala wa goge maɗaukin sauti irin na Fishman ko L.R. Baggs, ko ƙaramin makirufo kamar DPA 4099. Iyakar wannan dabara ita ce wuri mai hayaniya: akwatin katako yana kama sautin lasifika ya mayar mata, sai ka ji ta ɓarke da ƙugi mai huda kunne. Goge mai jiki curarre, wanda ba rami a cikinsa, ba ya yawan wannan. Shi ne babban dalilin da masu kiɗan rok da na manyan filaye suke rungumarsa.

Mataki na 3: Gane ko mai batir ne ko maras batir

A nan nake so ka daɗe, domin a nan yawancin ɓacin rai yake farawa. Kusan duk waɗannan goguna suna ɗaukar sauti ne da wani ɗan sinadari da ake kira fiyezo, wanda aka binne a cikin jaki ko a ƙarƙashinsa. Idan tsirkiya ta girgiza ta matsa shi, sai ya fitar da 'yar wutar lantarki. Wutar nan tana da rauni da tsirfa: ba kowace na'ura take shiga lafiya ba. Tana son mashiga mai turjiya babba, kimanin megawom ɗaya ko fiye. In ka jona ta kai tsaye da na'urar haɗa sauti ta mai lasifikar biki, kaurin muryar zai tsiyaye, ya bar maka wani siririn sauti kamar kukan sauro cikin gwangwani. Sai ka zargi gogen, alhali ba laifinsa ba ne.

Mai batir yana da ƙaramar na'urar ƙarfafa sauti a cikinsa, wadda take gyara wannan tun kafin wutar ta fita, sau da yawa tare da maɓallan ƙara kauri ko kaifi. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi a kafaɗa da kuma tuna batir, wanda galibi mai bolt 9 ne ko ƙanana biyu. Maras batir ya fi sauƙi a wuya, ba abin da zai mutu maka ana tsakar wasa, amma dole ka saya masa akwatin ƙarfafa sauti na waje. Ni dai, ga wanda zai yi wasa a wurare daban-daban da lasifikar da bai san halinta ba, na fi son maras batir tare da akwati mai kyau a aljihun jaka, domin akwatin yana bin ka ko ka canja goge. Ga mai bitar ɗaki, mai batir ba shi da abokin takara.

Mataki na 4: Ɗora shi a kafaɗa

Gogen katako yana da nauyin kusan giram 400 zuwa 500. Na lantarki yakan fi haka, masu kyau suna kusa da 550, wasu masu arha kuwa su haura 700. A hannu bambancin ba komai ba ne. A ƙarƙashin haɓa, bayan rabin awa, wuya da kafaɗar hagu za su ba ka labari. Inda nauyin ya taru ma yana da muhimmanci: wanda ya rinjaya ta wajen kai yana tilasta wa hannun hagu tallabe, hannun da ya kamata ya sake yana yawo a kan tsirkiya.

Tambayi mai shago ko matashin kafaɗa da mazaunin haɓa na yau da kullum suna hawa gogen. Wasu ƙirar sai nasu na musamman, kuma in ya karye nemansa aiki ne. Sannan ka zura hannun hagu sama, ka ji ko akwai ɗan kafaɗar da ke tare tafin hannu a inda jikin gogen katako yake farawa. Da wannan alamar makaɗi yake gane inda yake ba tare da kallo ba. Gogen da aka yi masa siffa ta ban sha'awa aka cire wannan, zai rikita hannun da ya saba.

Mataki na 5: Tsirkiya huɗu ko biyar

Huɗu su ne G, D, A, E. Ta biyar C ce, mai kauri irin ta biyola, wato gogen Bature da ya ɗan fi bayolin girma, kuma makaɗan jaz kamar Jean-Luc Ponty na Faransa sun ci moriyarta. Akwai ma Viper na Mark Wood da ke kaiwa bakwai. Sai dai ƙarin tsirkiya yana matse tazara, izga ta riƙa taɓa maƙwabciya. Mai koyo ya tsaya a huɗu.

Mataki na 6: Raba kuɗinka gida biyu

Rabin muryar wannan goge ba a jikinsa take ba. Kada ka zuba duk abin da ka tara a kansa ka dawo ka jona shi da lasifikar da ta samu. Amfilifayar jita mai lantarki an ƙera ta ne don ta ƙara kaifi, shi kuwa goge da ma kaifi ya yi masa yawa. Nemi wadda aka yi don kayan kiɗan katako, irin Loudbox na Fishman ko Compact 60 na AER. Ka tanadi kuɗin waya mai kauri, da hedifon mai rufe kunne, da 'yar na'urar amsa-kuwwa in gogen bai zo da ita ba, domin sautin fiyezo tsurarsa busasshe ne. Hedifon ya zama mai waya. Na bulutut yana jinkirta sauti, ka ja izga yanzu ka ji daga baya, kuma ba mai iya kiɗa a haka.

Mataki na 7: Gwaji kafin biya, ko ranar da kaya suka iso

Fara da kaɗa shi ba tare da jona komai ba, ka saurari ko wani abu na karkarwa a ciki. Murɗa maɗauran tsirkiya ka ga suna riƙewa. Auna tsayin tsirkiya a ƙarshen allon yatsu: E kusan milimita 3.5, G kusan 5.5. Masu arha sukan zo da jaki mai tsawo fiye da kima, da allon katako mai laushi da aka shafa wa baƙin fenti a maimakon icen kanya, wanda bayan 'yan watanni tsirkiya za ta yi masa kwari. Daga nan ka jona, ka buɗe sauti, ka ɗaga izga ka yi shiru: in ka ji "shhh" mai yawa a kunne, na'urar ciki ba ta da kyau. Ja kowace tsirkiya da ƙarfi ɗaya, ka ji ko wata ta fi 'yan'uwanta tsawa. Girgiza kan wayar a raminta, kada ka ji ƙaras-ƙaras. Izgar da ake haɗowa cikin akwatin masu arha da ƙaron da ake shafa mata galibi su ne farkon abin canjawa.

Ga mai zaune a Kano ko Damagaram, akwai riba guda: jiki curarre ba ya tsagewa da bushewar hunturu kamar siririn katakon gogen gargajiyar Turai. Duk da haka maɗaura suna saki in iska ta bushe, ƙura kuma tana shiga rami da maɓallai, don haka a riƙa mayar da shi akwati. Cire batir in za ka daɗe ba ka kaɗa ba.

Mataki na 8: Tsare kunnenka da hannun damanka

Sauti a hedifon yana da daɗi, shi ya sa mutum yake ƙara shi kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ka'idar masana ji ita ce desibel 85 na awa takwas ya riga ya kai iyaka, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Sa sautin inda za ka iya jin mai kiran sunanka.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. A gogen katako, ƙarfin murya da laushinta daga nauyin hannu da saurin izga suke fitowa. A na lantarki maɓalli yana yin rabin aikin, amsa-kuwwa ta lulluɓe sauran kurakurai. Wanda ya shekara a hedifon kaɗai, ranar da ya ɗauki na katako zai ji muryarsa ta ƙanƙance. Saboda haka ka kashe amsa-kuwwa lokacin da kake bitar dogon ja da hawa da saukar sautuka, ka kunna ta sai za ka kaɗa waƙa. In kana da na katako, ba shi ko da minti ashirin da rana, sa'ad da gida yake farke, ka bar wa na lantarki dare.