Bayan Ƙiba Ta Sauka: Yadda Ake Gina Tsoka

Ɗan'uwa, in ka yi watanni kana rage ci har ƙiba ta sauka, kada ka koma wa tsohuwar cimarka dare ɗaya, kitsen zai dawo.

Ƙara abinci kaɗan-kaɗan, ka fara da masu gina jiki. A Jonquet ba ka rasa wake, wagashi, kifi da ƙwai. Ƙwai ɗaya na da furotin kusan giram 6. Amma tsoka ba ta girma sai ta yi aiki: ɗaga nauyi sau 2 ko 3 a mako, ka sami isasshen barci.

Auna ƙugunka duk mako. In yana ƙara faɗi, rage tuwo da lemon kwalba.

Mai ciwon suga, ƙoda ko hawan jini, ya fara zuwa asibiti tukuna.