Injin Lanƙwasa Fayif Na Jan Teburina, Wane Mazauni Zan Yi Masa?

Zuwa ga Baba Injiniya.  Ni mai walda ne a Zariya, shekarata huɗu ke nan da maigidana ya yaye ni na buɗe shagon kaina. Ƙofofi da tagogi na fi yi, amma bana Allah ya kawo mini aikin kujerun makaranta 120 da rumfunan ajiye mota guda biyu masu rufin baka. Shi ya sa na je Panteka a Kaduna na sayo injin lanƙwasa fayif na hannu, irin wanda ake jan dogon hannunsa a kwance, da kuma rola mai taya uku ta yin baka.

Matsalata inda zan ɗora su. Na ɗaure injin a kan teburin aikina da noti huɗu. Siririn fayif ba ya ba ni wahala, amma da na sa mai inci ɗaya mai kauri, na ƙara wa hannun tsawo ya kai mita ɗaya da rabi, sai ya zama ina ja teburin na biyo ni. Dabarar da na yi, yarana biyu su hau teburin su zauna. Ranar Asabar da ta wuce teburin ya zame, ƙaramin cikinsu ya faɗo, bakin fayif ya yanke shi a ƙwauri har sai da aka yi masa ɗinki. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don amana iyayensa suka ba ni. Ga kuma kujerun da na fara: cikin goma, huɗu ɗingishi suke yi, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa.

Tunanina shi ne in haɗa babban tebur mai tayoyi da angil mai inci biyu da ya rage mini, injin a gefe, rola a gefe, in riƙa turo shi waje da safe in mayar da yamma. Shagon ƙarami ne, kuma na haya ne, mai shagon ya ce kada in fasa masa daɓe. Baba, wannan zai yi? In ba zai yi ba, da wane ƙarfe zan yi, kuma wane tsayi? Saura mako biyar in miƙa kujerun.

Ɗanka, mai walda daga Zariya.

Ɗana, Allah ya ba yaron lafiya. Ka tabbata an yi masa allurar tetanus, tunda ƙarfe ne ya yanke shi, ka kuma je da ƙafarka ka gaya wa iyayensa yadda abin ya faru. Daga yau kada wani yaro ya sake hawa teburin nan don danne shi, ko da kuwa aikin zai tsaya.

Teburin tayoyin nan ba zai yi ba. Bari in faɗa maka dalili, don idan ka gane shi, sauran duk kai za ka tsara da kanka. Injin da ake jan hannunsa a kwance ba danna abin da ke ƙarƙashinsa yake yi ba, murɗa shi yake yi, kamar yadda sifana ke murɗa noti. Mu ƙaddara kana jan ƙarshen hannun da ƙarfin kilo 40. A tsawon mita ɗaya da rabi, wannan daidai yake da kilo 60 a nisan mita ɗaya daga tsakiyar injin. Idan ƙafafun teburinka na nesa da tsakiya da santimita 60, sai sun riƙe ƙasa da ƙarfin kilo 100 kafin teburin ya tsaya cak. Ƙarfe kuwa a kan siminti, riƙon da yake yi bai wuce kusan rabin nauyin da ke kansa ba. Ke nan sai tebur ya kai kilo 200. Ka ga inda nauyin yara biyu ya shigo: teburinka da su biyun sun kawo ka bakin iyaka ne kawai, ranar da ka ƙara ƙarfi kaɗan sai ya ƙwace. Idan ka sa masa tayoyi, ɗan riƙon da yake da shi ma ka cire. Birkin taya yana hana taya juyawa, ba ya hana ta zamewa.

Abin da injin nan yake bukata turke ne, irin wanda ake kafa wa ingarman doki. Ginshiƙi ɗaya, gajere, mai kauri, a ɗaure da ƙasa.

Angil ɗinka ka ajiye shi, zai yi amfani a gaba, amma ba a nan ba. Angil da duk ƙarfen da gefensa ɗaya ke buɗe suna da rauni wajen murɗa. Ka gwada da guntun fayif ɗin roba: kama shi da hannu biyu ka murɗa, ba zai motsa ba, ka tsaga shi daga sama zuwa ƙasa ka sake murɗawa, za ka ga ya bi hannunka. Saboda haka ka nemi fayif zagayayye mai inci 4, kaurin jikinsa milimita 5 ko 6, ko mai kusurwa huɗu 100 da 100 mai irin wannan kauri. Ba sai sabo ba. Mita ɗaya kawai kake bukata, kuma a wajen masu tsofaffin ƙarafa ana samun irinsa, muddin tsatsa ba ta ci jikinsa ba.

A gindinsa ka sa fallen ƙarfe mai kaurin milimita 10, faɗinsa santimita 40 ta kowane gefe. Nauyinsa zai kai kilo 12 da rabi. Kada ka ƙanƙanta shi don rage kuɗi, domin gwargwadon nisan notinan da juna, gwargwadon sauƙin nauyin da kowanne zai ɗauka. A sama ma falle mai milimita 10 ko 12, daidai da gindin injin. Ka huda ramukan duka kafin ka yi walda. Tsakanin ginshiƙi da fallen ƙasa ka sa ƙarafa huɗu masu kusurwa uku su tokare shi. Wajen waldar, ka fara ɗiga ta a wurare huɗu, ka duba miƙewa, sannan ka riƙa yi gefe da gefe, nan kaɗan can kaɗan. Idan ka zagaye shi a tashi ɗaya, zafi zai ja fallen ya banƙare, ya ƙi kwanciya a ƙasa. Ka yi da rodin walda geji 10, kuma a lokacin da wuta ke da ƙarfi ko da janareta, don wutar da ta yi rauni ba ta narka ƙarfe mai kauri har ciki. In fayif ɗin farin nan ne mai rufin zink, ka goge wurin waldar da giranda tukuna, ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma madarar da 'yan'uwanmu ke sha bayan aiki ba ta kare huhu.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce babba. Mai shagon da ya hana ka fasa daɓe ya taimake ka ma. Daɓen yawancin shagunan haya siriri ne, an shafa shi a kan ƙasar ciko, notin kankare ba zai samu abin kamawa ba; yana son kankare na gaske mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Kada kuma ka tokare ginshiƙin da bango. Bulo mai rami ne a ciki, ja na yau da gobe zai tsaga shi, ka shiga rigima da mai shago.

Ka nemi izininsa ka haƙa rami a filin gaban shago ko gefensa, santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. Kankaren da zai cika wannan rami ya haura kilo 500, kuma siminti buhu ɗaya da rabi zai isa idan ka kwaɓa ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kada ka binne ginshiƙin kansa a ciki. Ka sami dogayen bol huɗu masu kaurin milimita 16, ka lanƙwasa ƙarshen kowanne kamar ƙugiya, ka jera su a jikin katako da ka huda daidai da ramukan fallenka, ka nutsa su cikin kankaren tun yana ɗanye, zarensu na leƙowa sama. Da haka kullum da yamma za ka kwance noti huɗu ku shigar da injin ciki, ka kifa wa kawunan bol ɗin wani murfi don kada su yi tuntuɓe da mutane. Ranar da za ka tashi daga shagon, giranda ta yanke su daidai da ƙasa, ba ka bar wa kowa ɓarna ba. Idan ka yi wa mai shagon wannan bayani a natse, ina kyautata zaton zai yarda. In ya ƙi gaba ɗaya, to sai ka koma ga injin da ke aiki da jak mai mai, wanda ƙarfinsa ke tokarar jikin injin kansa. Shi kam ana iya ɗora shi a kan tayoyi. Notinan da za su riƙe injin a sama kuwa, ka duba kan bol ɗin ka ga an buga 8.8. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Kafin ka sa diga, ka tsaya a inda kake son ramin, ka ɗaure igiya mai mita biyu ka zana da'ira a ƙasa. Nan ne hannun injin zai riƙa shawagi da kai a bayansa. Ka tuna kuma fayif na zuwa da tsawon kusan mita 6, jelarsa na bukatar wuri. Idan da'irar ta shiga hanyar masu wucewa ko ta 'yan babur, ka matsa.

Tsayi kuwa, jikinka ne ma'auni. Hannun injin ya zo maka daidai ƙugu, wato tsakanin santimita 90 da mita ɗaya ga yawancin mutane, ka cire kaurin injin daga ciki kafin ka yanke ginshiƙi. In ya yi sama kafaɗa za ta wahala, in ya yi ƙasa baya ne zai biya.

Ɗingishin kujerunka ma daga nan yake. Ƙafar kujera kwana biyu ko fiye ake yi mata a fayif ɗaya, kuma dole su kwanta a shimfiɗa ɗaya. Idan teburi na motsi, ko injin ba a daidaice yake ba, kwana ta biyu za ta kauce wa ta farko, kai kuma ba za ka gani ba sai kujera ta tsaya. Don haka ka ɗora ma'aunin ruwa a fallen sama ta fuska biyu, ka gyara da washa a ƙarƙashin fallen ƙasa har ƙwayar ta zauna tsakiya. Daga nan duk sanda za ka yi kwana ta biyu, ka ɗora ma'aunin a kan ta farko. Wani amfanin turke kuma: fayif yakan ɗan koma baya idan an sake shi, saboda haka sai an ɗan wuce kusurwar da ake so. Da injin da ba ya motsi, sau ɗaya za ka gano inda ya kamata hannun ya tsaya, ka ɗaure masa wani ƙarfe a wurin ya zama birki, kujera ta 120 ta fito kamar ta farko.

Rola labarinta daban. Tayoyinta uku suna matse fayif a tsakaninsu, ƙarfin a cikin jikinta yake zagayawa, mazauninta ba ya ɗaukar komai sai nauyinta da ɗan jijjigar juya hannu. Nan angil ɗinka zai yi aiki. Ka yi mata tebur nata, ƙafafu a buɗe ƙasa ta fi sama faɗi, da kanta a ƙasa inda za ka jera tayoyin canji da sauran ƙarafa masu nauyi don kada ta kife. Tayoyin turawa biyu sun isa, ka sa su a gefe ɗaya yadda ba za su taɓa ƙasa ba sai an karkata teburin, kamar baro. Abin da mutane ke mantawa shi ne mataimaka: ƙananan sanduna biyu masu hawa da sauka da za su tallafi dogon fayif ta gaba da baya. In babu su, nauyin jelar zai juya fayif ɗin a hankali, bakan rumfarka ya fito a karkace. Ka ja layin alli a tsawon fayif kafin ka fara, ka sa ido kada layin ya juya, ka kuma riƙa matsa tayar tsakiya kaɗan-kaɗan kana kai da komo. Wanda zai tura fayif kada ya sa riga mai faɗin hannu, yatsunsa kuma su yi nesa da bakin tayoyin.

Saura lokaci. Kankare na son a riƙa ba shi ruwa kwana 7, cikakken ƙarfinsa kuma sai kwana 28. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ramin nan a wannan makon ya kamata a haƙa shi. Bayan kwana 7 za ka iya fara siraran fayif na kujeru a hankali, masu kaurin ka bar su zuwa mako na uku ko na huɗu. Kwanakin jiran ba asara ba ne: ka yanke fayif ɗin kujerun duka, ka goge bakinsu don kada su sake yankar wani, ka haɗa teburin rola. Mako biyar zai ishe ka da yardar Allah.

Idan ka kafa turken, ka rubuto mini yadda kujerun suka tsaya, da kuma yadda ƙafar yaron take.